Golan Ƙasa da Doyar Asiatu

Garin Salaga ya ga manya. Ya ga madugai masu jakuna ɗari, ya ga malaman da ake tasowa takanas daga nesa don a ɗauki karatu a gabansu, ya ga attajiran goro waɗanda ko tari suka yi sai an ce musu sannu daga ƙarshen kasuwa. Amma duk waɗannan sharar fage ce. Babban rabon garin bai sauka ba sai a shekarar 1990, ranar da Mista Inusah, mataimakin akawu na biyu a wani ofishin gunduma, ya dawo daga Ankara, babban birnin Ghana, rungume da jakar roba mai zif.

Taron bita ne na kwana uku a babban birni, a kan farfaɗo da tattalin arziki. Gaskiya ba shi aka gayyata ba. Shugabansa aka gayyata, basir ya tasar masa, akawu na ɗaya kuma matarsa ta haihu. To amma 'yan hassada ne kaɗai ke tuna wannan. Abin da tarihi zai riƙe shi ne Mista Inusah ya zauna ɗaki ɗaya da wani Bature mai sanƙo, a layi na goma sha huɗu, bayan ginshiƙi, kusa da wata fanka mai ƙara. Jimla ɗaya tak fankar ta bari ta iso kunnensa: dole ƙasa ta iya gasa da sauran ƙasashe. Sauran bayanin, wanda aka ce ya ci awa biyu, ya bi iska. Da ƙaramin mutum ne da ya damu. Shi kuwa kafin jirgin fito ya tsallako da su daga Yeji ya ƙarasa sauran ilimin da kansa.

Ga abin da ya gano. Duniya filin ƙwallo ce. Ghana na da raga, Burkina na da raga, Togo na da raga. Duk abin da ka sayar wa baƙo, ka jefa masa ƙwallo ke nan. Duk abin da ka saya a hannunsa, shi ya jefa maka. Kuma abin takaici, shekara talatin da uku da samun mulkin kai, ragar Ghana na nan a wangale ba mai tsaro.

Washegari ya sayi usur. Ya sa kafinta ya yi masa baƙin allo na katako mai kauri, ya kafe shi a ƙofar gida, ya ja layi uku da alli, kowace ƙasa da gidanta. In motar masara ta fita gari ya rubuta wa Ghana ɗaya. In ya hangi mace da atamfar Lome ya busa usur, ya rubuta wa Togo ɗaya, ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa. Sabon salo, kiran salla da usur. 'Yan teburin mai shayi suka raɗa masa Golan Ƙasa, ya ji, ya karɓa hannu bibbiyu, har ya riƙa gyara wa waɗanda ke mantawa su ce masa Inusah kawai.

Wani marar kunya ya taɓa nuna masa cewa agogon hannunsa daga Lome ya zo, shaddar jikinsa ta kasuwar Sankasi ta Togo ce, kekensa kuma ta bayan iyaka ya shigo. Golan Ƙasa ya yi murmushin manya ya ce, "Gola ma yana sa safar hannu, kuma ba a tambayar inda aka ɗinka ta." Kowa ya koma kan shayinsa, shi kuma ya ɗauka an gamsu.

Kuɗin allon nan yayarsa Asiatu ce ta biya, kamar yadda ta biya kuɗin kusan duk abin da ya taɓa mallaka. Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara shida. Asiatu ce ta yi ta suyar doya a bakin tasha, hayaƙi na cin idonta, har ya gama makarantar midil. Daga kaskon nan ta tashi ta zama 'yar kasuwar doya mai cika lori. Shekara goma sha tara tana abu ɗaya: ta loda doya a Salaga, direba Sayibu ya kai ta Bawku, garin Ghana na bakin iyaka, ta sauka gidan Alhaji Garuba, maigidan baƙin 'yan kasuwa. Can wata mata Lamisi ke tsallakowa daga Bitu ta ƙasar Burkina da buhunan albasa. Asiatu ta karɓi albasa, Lamisi ta karɓi doya, lorin da ya hau a cike ya sauko a cike, matan Kumasi su kwashe albasar tun kafin injin ya huce. Ba takarda, ba usur. Jahilci dai irin na mutanen da ba su taɓa zuwa bita ba.

A watan Maris na shekarar da ta biyo, kurkunu ya fito wa Asiatu a idon sawu, ta kasa taka ƙasa. Ga sauran doyarta ta bana a rumbu, ƙwarya talatin, wato dubu uku, kuma irin doyar nan ce da ake kira puna, mai daɗin da ba a gardama a kansa amma ba ta jure zafi. Jarinta ke nan kaf. Ta duba hagu ta duba dama ba wanda za ta aika sai ƙanenta. Ta kira shi bakin gado ta ce, "Inusah, abu uku ne. Kada ku tsaya a hanya. Ka ba Lamisi doya. Ka karɓo albasa. Maimaita."

Bai maimaita ba, don mutumin da ya zauna da Bature ba a ba shi hadda. Ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinki. Wannan karon kayanki za su tafi a ilmance." Ya fita zuciyarsa fes. Abin nema ya samu, yau ga shi da 'yan wasa dubu uku zai kai su bakin ragar abokan hamayya. Ya sa aka ɗaure allon a saman lorin.

Har Bimbila lafiya lau. Yendi ce matsalar, domin ranar kasuwa suka iske, kuma ba a halicci Golan Ƙasa da zuciyar da za ta ga taro ta wuce ba. Sayibu, da ke kiransa Masa, wato Masta, ya ce, "Masa, ruwa kawai za mu sa a mota." Kafin a kawo ruwan har ya hau kan tamfol, ya taka doyar yayarsa da takalmi sau-ciki, ya busa usur.

"Jama'ar Yendi! Ku farka! Ana cin ku kuna barci! Kowane buhun wake da ya shigo daga Burkina, ƙwallo ce a ragarku. Kowane ashana na Togo, ƙwallo ce. Ƙasa kamar shago ce, in shagon maƙwabcinka ya cika naka ya mutu. Mu masana mun auna, mun gano Ghana ba za ta ɗaga kai ba sai ranar da Burkina ta durƙusa. Ku sayar musu, kada ku saya! Ku tura, kada ku karɓa!"

Mutane suka taru, don an daɗe ba a kawo mai wasa da kura garin ba. Wani tsohon mahauci da ke kaɗe ƙuda daga kan nama, wanda shanunsa duk daga arewa ake koro su, ya ɗaga murya ya ce, "Masa, in Burkina ya durƙusa, wa zai sayi doyan da kake tsaye a kai?"

Golan Ƙasa ya dube shi da tausayi. Ya ce wannan tambaya ce ta matakin gaba, ba a kai wurin ba a bitar farko. Daga nan ya tafi ofishin gunduma don ya yi wa hukuma bayani. Ma'aikacin da ke ciki ya hango jakar mai zif ta taga, ya fice ta ƙofar baya, masinja ya ce a jira shi. Mista Inusah ya jira shi har la'asar, yana jin daɗin yadda manya ke wahalar ganin manya. Lori na tsaye a rana, tamfol ya ɗauki zafi har ba a iya dafa shi. A Yendi suka kwana.

Don haka maimakon su isa Bawku jajibirin kasuwa, sai da rana ta karkata ranar kasuwar suka gangaro ta Garu suka shiga gari. Kasuwar Bawku kuwa bayan kwana uku-uku take ci. Alhaji Garuba ya tare su da ruwa, ya tambayi ƙafar Asiatu, ya ce a yi maza a sauke doya a kai ɗakin ajiya mai sanyi. Golan Ƙasa ya leƙa ɗakin, ya ga buhunan albasa jere, ya ja da baya kamar ya taka wuta.

"Alhaji, a ina ka taɓa jin an kwantar da 'yan wasa ɗaki ɗaya da abokan hamayya? Doya ba ta sauka."

Lamisi na zaune a kan buhu, mace ce mai jiki, ɗankwalinta ya jiƙe da gumi. Tun safe mutanen Kumasi ke zagayar albasarta tana kora su, don ta ba Asiatu kalma. Ta miƙe da fara'a ta gaida ƙanen ƙawarta. Shi kuma ya gyara tsayuwa ya sanar da ita sabon tsari: doya dai ga ta nan, ta saya da hannu biyu, Ghana na maraba. Albasa kuwa ko ɗaya ba za ta hau lorin nan ba.

Lamisi ta dubi Alhaji Garuba, ta dubi Sayibu, ta ga ba wanda ya yi dariya. Ta ce, "Masa, ni ba kuɗi na kawo ba. Albasa shi ne kuɗi na. Ka ɗauki albasa, ni na ɗauki doya. Mma Asiatu ya san haka."

"Abin da ya kashe ƙasar ke nan," in ji shi. "Shekara goma sha tara kunnen doki! Ɗaya da ɗaya, ɗaya da ɗaya. Yau za a fitar da gwani."

Alhaji Garuba dattijo ne, ya shekara arba'in yana sasanta Mosi da Asante, Busanga da Yarbawa, bai taɓa rasa bakin zare ba. Ya ce to, in lorin ba zai koma wayam ba, ai dole a sa masa wani abu. Golan Ƙasa ya ce zai ɗauki albasa, amma 'yar ƙasa, haifaffiyar Ghana. Alhaji ya tambaye shi yadda zai gane ta. Ya ce da hanci, domin albasar gida tana da wani ƙamshi na kishin ƙasa wanda baƙuwa ba ta da shi. Alhaji ya shiga ɗaki ya fito da guda biyu. Mista Inusah ya rufe ido, ya shaƙi ta dama, ya shaƙi ta hagu, hawaye suka zubo masa, ya ɗaga ta dama sama ya ce, "Wannan tamu ce. Waccan ko a mafarki."

"Daga buhu ɗaya na ciro su," in ji Alhaji. "Mai gonar kuma iyaka ta tsakiyar gonarsa ta bi. Shi kansa bai san wace kunya ce ta wace ƙasa ba."

Golan Ƙasa ya ce wannan ya ƙara tabbatar da girman matsalar.

Lamisi ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Ta yafito wani ɗan Kumasi da ta kora da safe, cikin rabin awa aka gama, yaransa suka fara jidar buhuna. Ta ɗaure kuɗinta a bakin zane. Ta ce wa Sayibu ya gaida mata Asiatu, ya ce mata Allah ya ba ta lafiya, ita za ta bi ta Sankasi, an ce doyar Basar ta Togo ta sauko da araha. Mista Inusah ya bi bayanta da kallo, ya busa usur sau uku, ya sanar da duk wanda ke kusa cewa abokiyar hamayya ta gudu daga fili.

Kafin magariba matan Bawku masu sayar da doya a faifai suka zo, wannan na son ƙwarya ɗaya, waccan na son biyu. Da an ba su da an rage asara. Sayibu har da haɗa hannu yana roƙo. Amma babban masani ya bayyana masa cewa ɗan Ghana ya sayar wa ɗan Ghana ba ci ba ne, ba wa juna ƙwallo ne kawai a tsakiyar fili. Doyar nan baƙo aka kawo wa, baƙo zai saya, kuma da kuɗi. A jira kasuwa mai zuwa.

Aka jira. Wanda bai san zafin Bawku a watan Maris ba, bai san zafi ba. Kwana na farko Golan Ƙasa ya zagaya rumfuna yana wa'azin gasa, ana ba shi kujera ana ci gaba da ciniki ta bayan kansa. Kwana na biyu wani ruwa mai yauƙi ya fara ɗiga daga ƙarƙashin lorin. Kwana na uku ƙudaje suka zo gaisuwa, maƙwabtan Alhaji Garuba suka aiko a tambaya ko wani abu ne ya mutu.

Ranar kasuwa aka yaye tamfol. Ya ɗauki doya ɗaya, yatsansa ya nutse a ciki. Nan take ya tuna Asiatu a bakin tasha, tana juya kasko tana goge ido da gefen zane, tana ce masa ya ci ya tafi makaranta kada ya makara. Tsoro ya kama shi, da kunya, kunya ta gaske, irin wadda bai ji ba tun yana yaro. Da ta daɗe a jikinsa da wataƙila ya zama mutum. Allah ya taimake shi ba ta kai minti biyar ba, domin a daidai lokacin wasu mutum biyu suka iso da amalanken jaki suna tambayar ruɓaɓɓiyar doya. Masu kiwon alade ne.

"Daga ina?" in ji shi.

Suka ce daga tsallake, ɓangaren Togo.

Fuskarsa ta washe. Baƙi! Da kuɗi a hannu! Abin da suka bayar ko man lorin bai saya ba, amma wannan lissafin ƙananan mutane ne. Ya hau saman mota, ya goge allo da hannun riga, ya rubuta da manyan baƙaƙe: Ghana ɗaya, Togo babu, Burkina babu. 'Yar doyar da ta tsira, ba ta kai ƙwarya biyu ba, Alhaji Garuba ya sa aka tsince aka mayar cikin lorin. Haka suka sauko, lori kusan wayam yana tsalle a kan gargada, allo na ƙara a sama. Daga Bawku har Salaga Sayibu bai yi masa magana ba, shi kuma ya fahimci cewa girmamawa ce.

Asiatu na zaune a tabarma, ƙafa a miƙe, an naɗe kan kurkunun a tsinke. Labari ya riga lorin isowa, amma ta bar shi ya yi bayaninsa. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Yaya, a duba ta fuskar ƙasa. Ko buhu ɗaya na baƙo bai shigo ta hannunmu ba. Mun fitar da kaya waje. A karo na farko a tarihin gidan nan, ba a ci mu ba. Asarar mutum ɗaya ba komai ba ce in ƙasa ta yi nasara."

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta tambayi Sayibu abu ɗaya kawai, ko Lamisi ta yi fushi. Sayibu ya ce ba ta yi ba, ta ce a gaishe ta. Wannan ne ya karya mata zuciya, ta juya fuska bango. Shekara goma sha tara ta gina hanyar nan, buhu bisa buhu, ƙanen da ta goya ya rushe ta cikin kwana biyar yana busa usur.

Bayan sati uku, da ƙafa ta fara taka ƙasa, aka ga Asiatu ta fito da tsohon kaskonta daga ƙarƙashin gado, ta kankare tsatsa, ta ɗingisa zuwa bakin tasha, daidai inda ta bari shekara goma sha tara da suka wuce. Itace ya yi tsada a lokacin. Da safen nan Golan Ƙasa na ofis yana rubuta rahoto mai shafi tara zuwa Ankara, mai taken darasin Bawku. Ita kuwa ta tsaya a ƙofar gida ta dubi allon da ta biya kuɗinsa, ta ƙwanƙwasa shi ta ji katako ne mai kyau, busasshe. Ta aika a aro mata gatari.

Masana na can suna ta gardama a kan amfanin wannan ilimi na gasar ƙasa da ƙasa, wasu su ce yana da shi, wasu su ce babu. A Salaga an auna an gani. Ya soya kasko biyu da rabi.

Da la'asar Mista Inusah ya biyo ta tasha da jakarsa mai zif, yunwa na cinsa. Ya ga wani guntun katako a bakin murhu da sauran alli a jikinsa, ya kau da kai, don babban mutum ba ya ganin abin da bai dace ya gani ba. Ya zauna a benci. Asiatu ta zuba masa doya a takarda, ta barbaɗa yaji, kamar yadda ta saba tun yana ɗan shekara shida. Ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya juya takardar yana lalube.

"Yaya, yau ba albasa?"

Ta juya doyar da ke cikin mai, ba ta ko ɗago ba.

"Albasa ta sha kashi, Inusah. Ci nasararka haka."